Yadda Za Ka Bi Sawun Mamayar Jamus a Norway, Daga Mashigin Drøbak Zuwa Gidan Quisling

Wanda Allah ya kai shi Norway, ko don karatu ko don wani taro, kuma yana son ya fahimci abin da ya sami ƙasar tsakanin 1940 da 1945, kwana uku ko huɗu a Oslo da kewayenta sun ishe shi, muddin ya tsara tafiyar yadda ya kamata. Tsarin shi ne abin lura, domin idan ka shiga gidan tarihin 'yan gwagwarmaya ka fito ka kama hanyar masaukinka, za ka dawo gida da tunanin cewa duk mutanen ƙasar sun tsaya tsayin daka, in ban da mutum ɗaya mai suna Vidkun Quisling, ɗan siyasar ƙasar da ya haɗa kai da Jamusawa. Lamarin bai kai haka sauƙi ba, kuma su kansu 'yan ƙasar sun ɗauki shekaru masu yawa kafin su yarda su faɗi sauran labarin a fili.

Abin da ya kamata ka riƙe kafin ka tashi

Norway ƙasa ce doguwa siririya a arewacin Turai, tana iyaka da Suwidin da Finlan da Rasha, kuma mutanenta a yau sun kai kimanin miliyan 5 da rabi, amma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ba su wuce miliyan 3 ba. Ta rubuta tsarin mulkinta a ranar 17 ga Mayu 1814, ta rabu da Suwidin a 1905, a shekarar kuma ta ɗauko wani yarima daga Danmak ta naɗa shi sarki da sunan Haakon na Bakwai, bayan an nemi ra'ayin jama'a ta hanyar ƙuri'a. Ka riƙe wannan, domin sarkin da mutane suka zaɓa da kansu shi ne zai zama ginshiƙin labarin. Arzikin man fetur da aka san ƙasar da shi yanzu bai zo ba sai bayan 1969; a 1940 abin da take taƙama da shi jiragen ruwan dakon kaya ne da kamun kifi, da kuma tashar Narvik inda ake lodin taman ƙarfen Suwidin da masana'antun Jamus ba sa iya rayuwa sai da shi. Wannan ƙarfe da doguwar gaɓar teku mai kallon Birtaniya su suka jawo mata mamaya, duk da cewa ta shelanta ba ta goyon bayan kowa.

Ƙasar ba ta cikin Tarayyar Turai, amma bizar Schengen ake shiga da ita. Kuɗinta krone ne, sai dai da wuya ka ga mai riƙe da takardar kuɗi, kati ake amfani da shi ko da kofin shayi za ka saya, kuma tsadar rayuwa ba ta wasa ba ce. Ka zaɓi tsakanin Mayu da Satumba, lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba kuma jiragen fito ke aiki sosai. Musulmi zai sami masallatai da abincin halal a unguwar Grønland da ke tsakiyar Oslo.

Ka fara daga bakin ruwa

Ranar farko ka bar Oslo ka nufi kudu zuwa garin Drøbak, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a motar bas, daga nan ka hau jirgin fito na 'yan mintuna zuwa tsibirin da sansanin Oscarsborg yake. Kada ka yi gaggawar shiga ɗakunan nuni. Ka je ka tsaya kusa da manyan igwogin, ka dubi ruwan, ka ga yadda mashigin ya tsuke har jirgin da zai je Oslo ba shi da wata hanya sai ya bi ta gaban bakinsu. Da asubahin 9 ga Afrilu 1940 jirgin yaƙin Jamus mai suna Blücher, sabo fil, ya shigo nan ɗauke da sojoji da jami'an da aka tanada don kama sarki da gwamnati. Kwamandan sansanin, Kanar Birger Eriksen, dattijo ne mai shekara 64, yawancin yaran da ke hannunsa sababbin ɗauka ne, kuma babu wani umarni bayyananne da ya zo masa daga sama. Ya ba da izinin harbi bisa ra'ayin kansa. Igwogin da suka buɗe wuta kamfanin Krupp na Jamus ne ya ƙera su a 1893, sannan tsofaffin nakiyoyin ruwa da aka harbo daga wani rami a cikin dutse suka ƙarasa jirgin, ya nutse da ɗaruruwan mutane, kuma har yau yana kwance a ƙasan mashigin.

'Yan awannin da wannan harbi ya samar su suka ba sarki da ministoci da 'yan majalisa damar hawa jirgin ƙasa zuwa Hamar, daga nan zuwa Elverum, aka kuma fitar da zinaren babban bankin ƙasa, kimanin tan 50, a manyan motoci. Da yammacin ranar Quisling ya shiga gidan rediyo a Oslo ya shelanta cewa shi ne sabon shugaban gwamnati, ya umarci sojoji su ajiye makamai. Washegari jakadan Jamus, Curt Bräuer, ya sami sarki a Elverum ya nemi ya amince da naɗin. Sarki ya ƙi, ya kuma gaya wa ministocinsa cewa hukunci nasu ne, amma idan suka zaɓi su amince to shi zai sauka daga gadon sarauta. Suka goya masa baya gaba ɗaya, Jamusawa suka mayar da martani da ruwan bama-bamai a kan Elverum da ƙauyen Nybergsund inda sarkin ya fake. An yi wata biyu ana gwabzawa, har sojojin ƙawance suka ƙwato Narvik a ƙarshen Mayu, amma da Faransa ta fara durƙushewa sai suka janye. Ranar 7 ga Yuni sarki da gwamnatin Johan Nygaardsvold suka tashi daga Tromsø zuwa Landan, sojojin da suka rage suka miƙa wuya ranar 10 ga wata.

Sansanin Akershus, ciki da waje

Rana ta biyu ta Akershus ce, tsohuwar ganuwar da ke kallon tashar jiragen ruwan Oslo, wadda aka fara ginawa wajen shekarar 1300. A cikinta gidan tarihin 'yan gwagwarmaya yake, an buɗe shi a 1970, kuma a kusa da ƙofarsa akwai wurin da aka harbe 'yan gwagwarmaya 42 a watannin ƙarshe na yaƙin. Ka ware masa awa biyu aƙalla. Mafi yawan masu ziyara suna cunkushewa a gaban bindigogi da na'urorin sadarwa na ɓoye, amma ni a ganina ƙananan kayan sun fi faɗin gaskiya: ɗan ƙarfen maƙale takardu da ɗalibai ke sawa a wuyan riga don nuna cewa a haɗe suke, harafin H da lamba 7 da ake zanawa a bango don tuna sarki, jar hular ulu da hukuma ta kai ga haramtawa, da ƙananan jaridun da ake bugawa a ɓoye bayan an ƙwace akwatunan rediyo a 1941, aka bar wa 'yan jam'iyyar Quisling nasu.

Ka tsaya sosai a sashen malaman makaranta. A Fabrairun 1942 gwamnatin Quisling ta kafa doka cewa dole kowane malami ya shiga sabuwar ƙungiyar malamai ta jam'iyya, kuma yara daga shekara 10 zuwa 18 su shiga ƙungiyar matasanta. Malamai kimanin 12,000 daga cikin 14,000 suka aika da wasiƙar ƙin amincewa, kalmomi iri ɗaya, kowa da sa hannunsa da adireshinsa, iyaye kuma suka biyo baya da nasu wasiƙun. Aka kama malamai kimanin 1,100, aka tura kusan 500 aikin ƙarfi a Kirkenes, can ƙarshen arewa, amma shirin ya rushe. A watan Fabrairun ne kuma manyan limaman cocin ƙasa, ƙarƙashin jagorancin Eivind Berggrav, suka ajiye muƙamansu na gwamnati, kamar yadda alƙalan kotun ƙoli suka yi tun Disambar 1940. Babu bindiga ko ɗaya a cikin wannan turjiya, kuma ita ce ta hana jam'iyyar mayar da ƙasar yadda take so.

Idan ka fito, kada ka koma cikin gari. Ka gangara bayan ganuwar zuwa bakin ruwa, za ka tarar da wasu kujerun ƙarfe a warwatse a kan ciyawa, babu kowa a kansu, suna fuskantar teku. Mutane na wucewa da keke ko suna gudun motsa jiki, da yawa ba sa ko waiwaye. Daga wannan gaɓa ne jirgin Donau ya tashi ranar 26 ga Nuwamba 1942 da Yahudawa fiye da 500, maza da mata da yara, zuwa Stettin, daga can aka zuba su a jirgin ƙasa zuwa sansanin kisa na Auschwitz. Yahudawan da ke Norway a lokacin kimanin 2,100 ne. Fiye da 770 aka kwashe gaba ɗaya, ba su kai 40 ba waɗanda suka dawo da rai, kimanin rabin Yahudawan ƙasar kuma suka tsere zuwa Suwidin da taimakon mutanen da suka sayar da ransu. Abin da ya kamata ka sa a zuciya yayin da kake zaune a wurin shi ne waɗanda suka ƙwanƙwasa ƙofofin gidajen da asuba 'yan sandan Norway ne, a cikin motocin tasi na Oslo aka kwaso mutanen, kuma jiragen ƙasan Norway suka kawo na sauran garuruwa. Da ɗan gari akan ci gari. Jami'in ɗan sandan da ya tsara kamen a Oslo, Knut Rød, kotu ta wanke shi bayan yaƙi bisa hujjar cewa ya taimaki 'yan gwagwarmaya ta wasu hanyoyi, ya koma bakin aikinsa har ya yi ritaya. Sai a Janairun 2012 Firaminista Jens Stoltenberg ya nemi gafara a madadin ƙasa, yana tsaye a wannan wuri.

Gidan da ke Bygdøy

Daga gaban zauren birnin akwai jirgin fito zuwa Bygdøy a lokacin zafi, a sauran watanni kuma bas mai lamba 30 ce ke zuwa. Yawancin fasinjoji gidajen tarihin jiragen ruwa za su nufa. Kai ka nemi Villa Grande, ƙaton gida mai hasumiya inda Quisling da matarsa suka zauna, ya kuma sa masa suna Gimle daga tatsuniyoyin mutanen arewa na dā. Tun 2006 gidan ya zama cibiyar nazarin kisan ƙare-dangin Yahudawa da halin ƙananan addinai. A nan za ka ga katin shaida da aka buga wa jan harafin J a farkon 1942, da jerin kayan gidajen da aka ƙwace aka yi gwanjonsu, wanda ke nuna cewa bayan mai kamawa akwai ɓarawon zaune da ya sayi kujera da tukunyar maƙwabcinsa da araha.

A wannan gida ne ya dace ka auna mutumin. An haifi Quisling a 1887, ɗan limamin coci ne daga Telemark, ya fita makarantar soja da sakamako mai ban mamaki, ya yi aikin agajin yunwa a Rasha da Yukren tare da Fridtjof Nansen, ya riƙe ministan tsaro daga 1931 zuwa 1933, sannan ya kafa jam'iyyar Nasjonal Samling. A zaɓen 1933 ta sami kashi 2 da ɗoriya cikin 100, a na 1936 ta gaza ko kashi 2, ba ta taɓa cin kujera ɗaya a majalisa ba. Ya gana da Hitla a Disambar 1939. Juyin mulkinsa na rediyo bai yi mako guda ba Jamusawa suka ture shi gefe, kuma tun a watan jaridun Ingila suka mayar da sunansa kalma mai nufin maci amanar ƙasa. Ko da aka naɗa shi shugaban gwamnati ranar 1 ga Fabrairu 1942, wuƙa da nama suna hannun Josef Terboven, kwamishinan da Hitla ya turo, wanda ya tare a gidan yarima mai jiran gado da ke Skaugum, ya kuma tarwatsa kansa da nakiya a can ranar 8 ga Mayu 1945. Quisling ya miƙa kansa, aka yi masa shari'a, aka harbe shi a Akershus ranar 24 ga Oktoba 1945.

Yadda za ka rarrabe masu haɗa kai da 'yan mamaya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba kowa a buhu ɗaya. Idan kana karanta allunan bayani, ka riƙa tambayar kanka abu uku game da kowane mutum: me ya aikata da hannunsa, wane zaɓi yake da shi, kuma wane hukunci ya samu daga baya. 'Yan jam'iyya sun kai kimanin 43,000 a lokacin da ta fi ƙarfi, a 1943. Wasu aƙida ta kai su, wasu tsoron Rasha, wasu kuma neman ƙarin girma a ofis. Akwai matasa kusan 5,000 da suka sa kakin Jamus suka tafi fagen yaƙin gabas. Akwai masu leƙen asiri irin su Henry Rinnan na Trondheim, wanda ƙungiyarsa ta kutsa cikin 'yan gwagwarmaya ta azabtar da mutane ta kashe da dama. Waɗannan ba su da wuyar ganewa. Masu wuyar sha'ani su ne 'yan kwangilar da suka gina wa Jamusawa filayen jiragen sama da barikoki da sansanonin bakin teku, da dubun-dubatar leburorin da suka karɓi aikin saboda albashinsa ya fi na ko'ina, da ma'aikatan gwamnatin da suka zauna a kujerunsu suna cewa gara su da wani. Kada ka manta cewa a Yunin 1940 shugabannin majalisar dokoki da suka rage a Oslo sun rubuta wa sarki suna roƙonsa ya yi murabus don a sasanta da Jamus, shi ne ya ƙi, ya kuma sanar da amsarsa ta rediyo daga Landan.

Bayan yaƙi an bincike mutane fiye da 90,000, an hukunta kimanin 46,000, kusan 17,000 suka shiga kurkuku, an zartar da hukuncin kisa kan 'yan ƙasa 25 da 'yan waje 12, na ƙarshe a 1948. An yi ta muhawara kan cewa gwamnatin da ke gudun hijira ce ta kafa wasu dokokin, aka kuma yi aiki da su kan abin da ya riga ya wuce, alhali tsarin mulki ya hana hakan. A nawa ra'ayin, abin da ya fi wannan nauyi shi ne rashin daidaiton sikeli: riƙe katin jam'iyya kaɗai ya isa a ci mutum tara a ƙwace masa 'yancin zaɓe, amma manyan 'yan kasuwa da yawa sun fita da sauƙi. Waɗanda suka fi shan wuya ba tare da sun karya wata doka ba su ne matan da suka yi soyayya da sojojin Jamus. An aske kawunan wasu a bainar jama'a, an tsare dubbai ba shari'a, ciki har da a tsibirin Hovedøya da kake hangowa daga Akershus, waɗanda suka auri Jamusawa kuma aka ƙwace musu shaidar zama 'yan ƙasa aka kore su. 'Ya'yan da aka haifa, tsakanin 10,000 da 12,000, sun tashi cikin tsangwama. Firaminista Erna Solberg ta nemi gafarar matan a Oktoban 2018, lokacin da mafi yawansu sun riga sun rasu.

Mai bincike na gaske zai iya hawa jirgin ƙasan cikin gari zuwa Sognsvann, inda ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa take. Tun farkon 2015 aka buɗe wa jama'a fayilolin shari'un cin amanar ƙasa, sai dai da harshen Norway suke, kuma akwai sassan da ake killacewa, don haka ka rubuta musu tun kafin ka je.

Idan kwanakinka sun ƙaru

Rjukan na nan a Telemark, tafiyar kimanin awa uku daga Oslo, inda a ƙarshen Fabrairun 1943 wasu 'yan Norway da aka horar a Birtaniya, ƙarƙashin Joachim Rønneberg, suka gangara cikin kwazazzabo da daddare suka fasa na'urorin masana'antar Vemork masu tace ruwa mai nauyi da Jamus ke buƙata don binciken nukiliya, suka fita ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba. Kusa da Bergen akwai ƙauyen Telavåg da aka ƙone ƙurmus a Afrilun 1942 don ramuwar gayya. A gefen Oslo akwai Grini, sansanin da fursunoni kimanin 20,000 suka ratsa, ciki har da Einar Gerhardsen wanda ya zama firaminista a 1945.

Amma idan za ka iya zuwa wuri ɗaya tak, ka je arewa. A kakar 1944, da sojojin Tarayyar Sobiyet suka shigo suka karɓi Kirkenes ranar 25 ga Oktoba, Jamusawa masu ja da baya suka ƙone Finnmark da arewacin Troms gida-gida, suka yanka dabbobi, suka nutsar da kwale-kwale, suka tilasta wa mutane kimanin 50,000 barin yankin, da amincewar gwamnatin Quisling. Dubbai suka ƙi tafiya suka ɓuya a koguna da ramukan ma'adinai cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. Shi ya sa da wuya ka ga tsohon gini a garuruwan yankin, kuma gidan tarihin sake gini da ke Hammerfest ya tattara labarin. A arewan ne kuma za ka fi cin karo da kaburburan fursunonin Sobiyet, waɗanda aka kawo kimanin 100,000 don fasa dutse da shimfiɗa layin dogo, fiye da 13,000 suka mutu, adadin da ya zarce na dukan 'yan Norway da yaƙin ya ci.

Game da hira da 'yan ƙasa, kusan kowa na jin Turanci, kuma ma'aikatan gidajen tarihi suna amsa ko wace irin tambaya ba ɓoye-ɓoye. A gidan mutum kuwa ka yi hattara. Kada ka tambayi mai masaukinka ɓangaren da kakansa ya tsaya, domin akwai iyalan da ɗan'uwa ɗaya yana daji da 'yan gwagwarmaya, ɗayan yana sanye da kakin jam'iyya, kuma jikokinsu suna cin abinci a teburi ɗaya. Kada kuma ka kira wani da sunan Quisling da sunan wasa. Ka tambaye shi yadda garinsu ya kasance lokacin yaƙi, ka yi shiru ka bar shi ya kai ka inda yake so. A hanyarka ta komawa masauki ka riƙa duban ƙasa: a bakin ƙofofin wasu gidaje a Oslo da Trondheim da sauran garuruwa an dasa ƙananan faranta na tagulla a cikin daɓen titi, kowane ɗauke da sunan wanda aka ɗauke daga gidan, da shekarar haihuwarsa, da ranar da aka tafi da shi.